Malamin da Ya Tura Fiyano Wajen Kujera

Wani mutum mai sanƙo ya fito dandamali sanye da burmemiyar kwat da ta kusa share ƙasa, da takalma kamar kwale-kwale biyu. Ya zauna gaban fiyano zai yi kiɗa. Ya miƙa hannu, yatsunsa ba su kai ba, ashe kujerar ta yi nisa. Ya dubi fiyanon, ya dubi kujerar, ya dubi hannuwansa. Kana ganin tunani yana ratsa fuskarsa a hankali, kamar raƙumi ya ɗauko kaya. Can sai dabara ta faɗo masa. Ya miƙe, ya zagaya, ya sa ƙarfinsa duka yana nishi, yana tura wannan ƙaton kayan kiɗa zuwa wajen kujerar da yaro ɗan shekara 5 zai ja da hannu ɗaya.

Shekara 40 da 'yan kai mutanen Turai suna biyan kuɗi su ga wannan wauta, suna dariya har da riƙe ciki. Mutumin shi ne Grock, wanda suka yi wa laƙabi da sarkin wawaye, kuma a wani zamani ana lissafa shi cikin 'yan wasan da suka fi kowa karɓar kuɗi a nahiyar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kafin ya shafa farin fenti a baki, malami ne mai koyar da yara.

Sunansa na yanka Adrien Wettach. An haife shi ran 10 ga Janairun 1880 a ƙauyen Loveresse da ke Suwizalan, a yankin da ake sana'ar haɗa agogo, kuma mahaifinsa ma sana'arsa ke nan. Yaron ya taso da son tsalle-tsalle da kiɗa, har ya riƙa bin 'yan wasan tanti masu yawo gari-gari, irin waɗanda ke kafa babbar rumfa su nuna dawaki da masu tafiya kan igiya da masu ban dariya. A wurinsu ya koyi alkafura da lanƙwasa jiki, ya kuma iya gogen Turawa da fiyano da wasu kayan kiɗa da dama. A 1897, yana da shekara 17, ya tafi ƙasar Hangari, inda wani basarake na gidan Bethlen ya ɗauke shi malamin 'ya'yansa. Shekara 2 ya yi yana koya musu harshe da motsa jiki da hawan doki, sannan tanti ya sake kiransa. A 1903 ya haɗu da wani ɗan wasa mai suna Brick, wanda ya rabu da abokin wasansa Brock. Adrien ya maye gurbin, ya canza harafi ɗaya, ya zama Grock. Tare suka zaga Faransa da Arewacin Afirka da Kudancin Amurka.

Duk wanda ya taɓa riƙe aji, ko na allo ko na boko, ya san wani ɗan lokaci mai tsada da ke zuwa bayan an yi tambaya. Malamin da bai ƙware ba yakan ji shirun ya dame shi, sai ya yi maza ya faɗi amsar da bakinsa. Gwani kuwa yakan yi shiru ya jira, har ya ga idon yaro ya yi haske, domin ya san amsar da yaro ya tono da kansa ita ce ke zama a ka. A ganina wannan jiran shi ne jarin da Grock ya ɗauko daga ɗakin karatu ya kai dandamali, sai dai ya juya teburin: shi ya zama ɗalibin da ya kasa, 'yan kallo suka zama masu amsa. Sa'ad da yake tura fiyanon nan, babu mutum ɗaya a zauren da bai san abin da ya kamata a yi ba. Leburan da bai taɓa shiga aji ba ya sani, yaron da ke kan cinyar uwarsa ya sani. Daɗin da mutum ke ji idan ya riga wani ganewa, shi ne rabin dariyar. Ragowar rabin kuma tausayi ne, don kowa ya taɓa wahalar da kansa a kan abin da ke da sauƙi.

To amma jira sai da awo. Idan ya tashi zuwa bayan fiyanon da wuri, kafin mutane su gane matsalar, babu abin dariya, mutum ne kawai yana tura kaya. Idan ya yi jinkiri da yawa, sun gane sun gaji, hankali ya koma kan gyaɗar da ke hannu. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yar tazara da ba ta wuce numfashi ɗaya ba, kuma ba ta zama wuri guda, takan canza gwargwadon girman zauren da yanayin mutanen daren. Shi ya sa mai wannan sana'a kunnensa ke aiki fiye da bakinsa. Yana sauraron dariya ta hau, ta kai ƙololuwa, ta fara gangarowa, sai ya jefa abu na gaba kafin ta mutu. Ɗan mai haɗa agogo ne, ya san daƙiƙa ɗaya ma dukiya ce.

Wannan awon bai zo masa a banza ba, sai da ya sha kunya. Bayan ya rabu da Brick, sai Grock ya haɗu da Antonet, ɗan Italiya da sunansa na gaskiya Umberto Guillaume, ɗaya daga manyan gwanayen zamanin. A al'adar tanti, masu ban dariya biyu-biyu suke fitowa. Ɗaya fari fat a fuska, da kaya masu ƙyalƙyali, mai iko da taƙama, shi ke ba da umarni. Ɗayan kuma wawa ne mai kayan da suka fi ƙarfinsa, wanda ke ɓata duk abin da aka sa shi. Antonet ne mai farar fuska, Grock ne wawan. A fagen tanti sun yi suna, amma da suka hau dandamalin gidan wasa a Balin sai abin ya ƙi. Dalili kuwa, fagen tanti da'ira ne, mutane sun kewaye ka ta ko'ina, wasu ƙeyarka kawai suke gani, don haka dole komai ya zama babba: faɗuwa babba, ihu babba, mari babba. A dandamali kuwa kowa yana gabanka, fitila na kan fuskarka, ɗaga gira ɗaya ya isa saƙo. Abin da ya yi daidai a tanti ya zama hauragiya a nan. Suka zauna suka rage, suka tace, har suka samu gayyata zuwa Landan a 1911. Bayan shekara 2 Grock ya rabu da Antonet ya gina wasan da ya rayu da shi har ƙarshen aikinsa.

Wasan guda ɗaya ne, tsawonsa ya haura rabin sa'a, kuma ginshiƙinsa mai sauƙi: wani makaɗin goge mai kamala, cikin baƙar kwat ta manya, yana son ya yi kiɗa, sai ga wannan bawan Allah ya zo taya shi. Wanda ya fi shahara a matsayin makaɗin shi ne Max van Embden. Aikinsa ya tsaya ƙyam da mutuncinsa, ya yi mamaki, ya yi fushi cikin ladabi. Kada a raina wannan aiki. Karkataccen abu ba ya bayyana sai an jingina shi da miƙaƙƙe, kuma da makaɗin zai yi murmushi sau ɗaya, da ginin ya rushe.

Grock yakan shigo da ƙaton akwati yana jan sa da ƙyar, ya buɗe, ya ciro ɗan mitsitsin goge da bai fi tafin hannu da yawa ba. Ya riƙe goge a kife, ya rasa inda tsirkiyar ta shiga, ya yi ta nema cikin damuwa ta gaske. Murfin fiyano ya faɗo masa a yatsu, sai ya koma taɓa kiɗan yana fizge hannu kamar mai ɗaukar gawayi daga murhu. Daga baya ya cire murfin ya jingina shi, ya zame a kansa kamar yaro a kan tudun yashi. In an faɗa masa abin da kowa ya sani, sai ya ja murya ya ce “ba zai yiwu ba!” ko “don me?”, da harshen garin da yake ciki, domin yana wasa da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Ingilishi. Mutanen Jamus da Faransa sun daɗe suna kwaikwayon yadda yake jan waɗannan kalmomi a hirarsu ta yau da kullum.

Wurin da malamin cikinsa ya fi fitowa fili shi ne wasan bakan goge. Yakan so ya burge mutane, ya cilla bakan sama ya cafe. Ya cilla, ya kuskure. Kunya ta kama shi, sai ya shige bayan wata kariya don ya gwada a ɓoye. 'Yan kallo ba sa ganinsa, amma suna ganin bakan yana tashi sama da kariyar, yana juyawa, yana komawa daidai hannunsa. Ya iya! Ya fito da fara'a, ya cilla a gaban jama'a, ya sake kuskurewa. Sai can gaba, hankalinsa na kan wani abu dabam, ya cilla ba da niyya ba, bakan ya faɗo cikin hannunsa, shi kansa bai lura ba sai da zauren ya ɗauki sowa. Wane malami ne bai san wannan yaron ba? Shi ne wanda ya haddace allonsa tsaf a gida, ya zo gaban malam harshe ya sarƙe, sannan a hanyar rafi ka ji yana rera karatun babu tuntuɓe. Grock ya mai da wannan halin ɗan Adam abin dariya ba tare da ya wulaƙanta mai shi ba, domin a jikinsa ya ɗora shi.

Sai dai fa ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Kafin mutum ya kuskure cafe baka a daidai lokacin da ya ga dama, kowane dare, ta yadda kuskuren zai yi kama da na gaske, sai ya fi mai cafewa iya cafewa. Haka abin kujerarsa. Yakan hau kujera, gindinta ya ɓurme, ya faɗa ciki ƙafafu a ƙasa. Daga nan, da tsalle ɗaya, sai ga shi zaune a kan majinginin kujerar, ya harɗe ƙafa, ko a jikinsa. Wannan aikin ɗan alkafura ne na gaske, wanda ɗan ƙaramin kuskure a cikinsa zai iya karya mutum, kuma ya ci gaba da yin sa har cikin tsufansa. A can saman kujerar yakan ɗauki wani ɗan kayan kiɗa mai zugazugi da ake matsawa tsakanin hannu biyu, ya saki kiɗa mai ratsa zuciya. Zauren da ke birgima da dariya sai ya yi tsit. A nan ne mutane ke tuna cewa wawan nan da suka fi wayo tun ɗazu ya fi su duka iya abin da ya zo yi, da gangan ya bar musu nasarar.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan hikima. Wawan sarki a fada yakan faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba, kuma ba a ba da wannan matsayi ga mara wayo. 'Yan kama kuwa malamai suke kwaikwayo: su gyara zama, su ɗauko muryar mai wa'azi, sannan su cika karatun da zancen tuwo da nama da fura. Wanda bai zauna ya saurari karatu da kyau ba, ba zai iya karkata shi har a yi dariya ba. Ko marigayi Rabilu Musa Ibro, duk wanda ya lura da yadda yake riƙe fuska ya jira kafin ya saki magana, ya san akwai lissafi a ƙarƙashin shirmen. Bambancin Grock shi ne ya tsaya a kan wasa ɗaya yana goge shi shekara da shekaru, yana cire abin da bai yi aiki ba, yana ƙara abin da ya tsinta bisa tsautsayi, har ya zama babu motsi ɗaya na banza a ciki.

Rayuwarsa ba ta rasa tabo ba. Ya bar Ingila a 1924 ya koma yin wasa a sauran ƙasashen Turai, kuma ya ci gaba da hawa dandamali a Jamus a zamanin mulkin Hitila, abin da ya jawo masa zargi bayan yaƙin duniya na biyu. Masu ƙaunarsa ma ba su iya share wannan ba. Duk da haka mutane suka koma kallonsa. A 1951, yana da shekara 71, ya kafa tantin wasa na kansa, ya zaga da shi. A Oktoban 1954 ya yi wasan ban kwana a birnin Hambug yana da shekara 74. Ya rasu ran 14 ga Yulin 1959 a garin Imperia na Italiya, a gidan da ya gina, wanda yanzu ya zama gidan tarihin masu wannan sana'a.

An yi sa'a, an ɗauki wasan nasa a fim a 1931, shi da van Embden, kuma hoton yana nan har yau, baƙi da fari. Wanda ya samu dama ya kalle shi tare da ƙaramin yaro, ko da yaron ba ya jin kalma ɗaya ta harshen da ake yi. Idan an zo wurin fiyano, ka bar allon, ka dubi yaron. Za ka ga ya fara motsi a wurin zamansa, bakinsa na rawa, har ya kasa daurewa ya ce, “Kai, ja kujerar mana!” Malam Adrien yana jin irin wannan muryar ta cikin zaure tun kafin a haifi kakanmu, kuma bai taɓa jan kujerar ba.