Tsakanin Uwar Ɗaki da Mabaraci: Sharhi Kan Fassara Karin Maganar Rashin Zaɓi

A bazarar bara aka yi bikin wata marainiya a unguwarmu a Sandamu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, aminiyar marigayiyar ce ta tsaya mata, tun daga kayan ɗaki har zuwa gara. Ranar kai amarya yarinyar ta fashe da kuka tana kiran sunan uwarta. Gwaggona ta dafa kafaɗarta ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ga Hajiya Allah ya ba ki." Yarinyar ta share hawaye, Hajiyar ma ta ji daɗi. Magana ɗaya ta rarrashi mai kuka, ta kuma girmama wadda ta yi ɗawainiya.

Ba a yi wata guda ba na ci karo da wannan karin magana a wani fim ɗin Hausa mai fassarar Turanci a ƙasan allo. Mai fassarar ya ɗauko wani sanannen karin maganar Turawan Ingila ya liƙa, wanda ma'anarsa ita ce mabaraci ba shi da ikon zaɓe. Nan take tsohuwar da ke rarrashi a fim ɗin ta koma mai gori. Duk wanda ba ya jin Hausa zai ɗauka cewa take yi wa marainiyar, ke bara kike yi, karɓi abin da aka miƙo miki ki yi shiru.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. Mutanen ƙasar Poland suna da wani karin magana, "Na bezrybiu i rak ryba", Rashawa ma suna da irinsa. Ma'anarsa: inda babu kifi, jatan lande ma kifi ne. Masu mayar da shi Turanci sukan faɗa ramin da mai fassararmu ya faɗa, su kawo zancen mabaraci, ko kuma wani da ke cewa rabin burodi ya fi babu. A sama-sama duk tafiyarsu ɗaya, ba a samu abin da ake so ba, an haƙura da wanda ya samu. Amma mai karatu ya tambayi kansa, a kowanne daga cikinsu wa ake nunawa da yatsa?

A na Turawan Ingila, mai rashin ake nunawa, ana tuna masa matsayinsa. A na mutanen Poland kuwa ba ruwan mai magana da mai rashi. Jatan landen yake yi wa dariya, wato abin da bai kai ba amma ya samu shiga domin babu na ƙwarai. A namu na uwar ɗaki babu gori, babu dariya, akwai juyayi da godiya. Uku ke nan, kowanne da inda ya sa gaba. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya riƙe batun, amma ya sauya halin mai magana, kuma a labari ko fim halin mai magana shi ne jarin marubuci.

Hausa ta rarrabe rashin zaɓi dalla-dalla. In mutum ya karɓi abu yana ɓata rai, sai ya ce da babu gara ba daɗi. In an tursasa shi ne, dole ƙanwar na ƙi. In hanyoyi biyu ne kuma kowacce da halaka, gaba kura baya sayaki. In kuwa wani ƙaramin abu ne ya samu fili yana taƙama domin babba ba ya nan, sai a ce rashin farin wata tauraro ke haske. Wannan na ƙarshe shi ne ɗan'uwan karin maganar Poland na jini. Tauraro da jatan lande matsayinsu ɗaya, kowannensu albarkacin rashin wani yake ci. Da za a ba ni wani labarin Poland in mayar Hausa, in mai magana ya yi wannan habaici, tauraro zan sa masa a baki, ba uwar ɗaki ba, balle mabaraci.

Wani zai ce, to me ya hana a fassara shi kalma da kalma a huta? Ga abin da ya hana. A kasuwar Daura busasshen jatan lande daga kudu ake kawo shi, ɗan ƙulli kaɗan ake saye a barbaɗa a miya, kuma ba kowace uwargida ke iya sayensa kullum ba. In ka ce wa matar Sandamu inda babu kifi jatan lande ma kifi ne, za ta ce ai gaba ta kai ka. Hoton da yake raini a bakin kogunan Poland ya zama abin marmari a tukunyarmu. Saboda haka bin kalma da kalma ma yana iya juya magana ta koma kishiyarta.

Kada a ɗauka ina cewa kullum a jefar da hoton asali. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar da Aliyu Kamal ya yi wa littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne. Turanci yana da nasa maganganun kan girbar abin da aka shuka, amma aka bar kwikwiyon a cikin sunan littafin, aka nuna yana bin mai shi har gida. Wannan zaɓi ya yi daidai, domin ko'ina a duniya an san yadda ɗan kare ke manne wa ubangidansa. Hoton kwikwiyo ya ƙetare ruwa lafiya, na jatan lande kuwa ba zai ƙetaro mana ba. Aikin mai fassara shi ne ya auna kowane hoto da kansa, babu doka ɗaya da za ta ɗauke masa wannan nauyi.

Daga ina muka gaji ɗabi'ar neman takwara ido rufe? A ganina tana da alaƙa da yadda aka fara tattara karin maganarmu a rubuce. Kyaftin Merrick ya fitar da nasa kundin a 1905, Whitting a 1940, Kirk-Greene kuma ya tara guda 500 a Hausa Ba Dabo Ba Ne a 1966. Sun yi mana adana, ba a raina musu. Amma kundi jeri ne, karin magana yana zaune a layinsa shi kaɗai, babu mai faɗa, babu wanda ake faɗa wa, babu biki ko zaman makoki. Wanda ya koyi karin magana daga jeri zai ɗauka ma'ana ce kawai a cikinsa. Wanda ya koya a tsakar gida ya san akwai murya. Abubakar Imam ya san haka. Da ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce a 1937, bai tsaya kan kalmominsu ba, sai da ya sa kowane sarki da bafade da aku ya yi magana yadda mai wannan matsayi zai yi ta a ƙasar Hausa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan a zamaninmu. An daɗe ana koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw, inda malamai irin su Stanisław Piłaszewicz, wanda ya yi nazarin rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, da Nina Pawlak suka yi aiki kan harshenmu kai tsaye. Mu kuwa a nan, kusan duk abin da ya iso mana daga Poland ko Rasha ko Sin ta Turanci yake biyowa. In Bature ya riga ya mayar da jatan lande mabaraci, ɗan Sandamu da ke fassara a wayarsa mabaracin zai tarar, shi zai kawo mana. Haka mu ma, in aka kai uwar ɗakinmu Turanci a matsayin mai ba da sadaka, a haka sauran duniya za ta san ta, a ɗauka Bahaushe gori yake yi wa maraya ranar aurensa.

Shawarata ga matasanmu masu fassara fina-finai da littattafai ita ce, kafin ka nemo wa karin magana takwara, ka tsaya ka duba mai faɗarsa. Rarrashi yake yi, ko habaici, ko faɗa? In takwarar da ka samo ta sauya masa fuska, ajiye ta. Faɗi maganar a sauƙaƙe, ko da ba ta yi armashi ba. Da mai fassarar nan ya rubuta cewa wanda ya rasa uwa yakan samu mai tsaya masa kamar uwa, da ya fita haƙƙin tsohuwar.

Na karanta wa gwaggona abin da aka rubuta a ƙasan allon, na mayar mata da shi Hausa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Bara kuma? Wa ya yi bara? Ai Hajiya riƙo ta yi." Ban ga littafin nazarin fassara da ya fi wannan tambaya tata kama bakin zaren ba.