Hannun da Ya Iya Kwaɗon Zogale

Akwai girkin da nama ke rufa wa asiri. Ko mai girki ba ta ƙware ba, idan tukunya ta sha tsoka da ƙashi, miyar za ta ciwu. Kwaɗon ganye ba ya cikin wannan sahu. Ganye ne, sai ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa da yaji. Ba nama, ba kifi, ba man shanu. Duk daɗinsa daga hannun mai yi yake fitowa, shi ya sa nake ganin girman matan da suka iya shi.

Aikin yana farawa tun kafin a hura wuta. Zogalen da aka karyo da safe sai an zauna an zage shi, an raba ganyen da siraran tsinkayensa, don su ko an wuni ana dafawa ba sa laushi. Sai wanki, ruwa biyu ko uku, har yashi ya daina kwanciya a gindin kwano.

A wajen dahuwa ake gane gwana. Ba ta zuba ganye sai ruwa ya tafasa, ba ta kuma cika ruwan, domin wani ɓangare na amfanin ganye cikin ruwa yake narkewa, a ƙarshe a zubar da shi a kwata. Ta kuma san halin kowane ganye. Alayyafo minti kaɗan ya ishe shi. Rama tsami gare ta, sai an tsiyaye ruwan farko. Zogale ya fi su taurin kai: a sauke da wuri ɗaci da gafi su hana ci, a bar shi ya daɗe ya yi baƙi ya dame. Ba agogo take kallo ba. Takan ɗebo kaɗan ta murza tsakanin yatsu, idan ya murzu alhali korensa bai gudu ba, ta sauke.

Wasu kan jefa kanwa don ganyen ya yi saurin laushi. Ni ban goyi bayan haka ba. Gaskiya ne tana rage cin itace, amma tana lalata wasu bitamin da ke cikin ganyen, kuma idan ta yi yawa ɗanɗanonta yakan danne komai.

Bayan an tsane sai matsa, nan ma da lissafi. Ganyen da ya jiƙe sharkaf yana mayar da ƙuli kunu, wanda aka matse ƙarau kuma ba ya kama haɗi. Ƙulin ana daka shi a turmi tare da barkono da gishiri, ba a bari ya yi lukui sosai, don haƙori ya sami abin taunawa. A barbaɗa, a yanka albasa da tumatir, a zuba mai, a cuɗa da hannu har kowane ganye ya sami rabonsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan haɗi na kakanni ya dace da abin da masana abinci ke faɗa yau. Zogale yana da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, da kalsiyam na ƙashi, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido. Wannan na ƙarshen sai da maiƙo yake shiga jiki sosai, ga man gyaɗa nan a kwano. Ɗanyen tumatir ko matsin lemun tsami yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen, ƙuli kuwa yana kawo abin gina jiki da aka saba nema a nama. Shayi ne kawai ya kamata a jinkirta, domin shan sa tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka.

Asalin bishiyar zogale daga Indiya ne, amma ta zauna da mu har ta zama 'yar gida, tana shinge a bayan ɗaki. A yankin Maraɗi gonaki guda ake yi mata, ana kai ganyen kasuwa buhu-buhu. Duk da haka har yanzu akwai gidajen da ke kallon kwaɗo a matsayin abincin marasa hali, ba a fito da shi gaban baƙo. Wannan kuskure ne. Idan a gidanku akwai tsohuwar da ta iya shi, ku zauna kusa da ita ranar da take yi, maza da mata, ku sa hannu ku koya, sannan ku ajiye shi gefen shinkafa ko dambu a ci tare.