Gizo A Ɗakin Karatu

Akwai wata al'ada da ta yi kanta a makarantunmu na sakandare, tun daga Gumel har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wadda ya kamata mu malamai mu duba. In an karanta wa yara tatsuniya aka ce su faɗi jigonta, watau babbar maganar da ta ƙunsa, sai kowa ya rarumo karin magana guda ya rubuta, malami ya ba da maki, a rufe littafi.

Muna zaton wannan ya samo asali daga Magana Jari Ce, na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa cikin 1937. Da yawa daga labarunsa karin magana ne kanunsu, saboda haka yaro ya saba tarad da amsa tana jiransa tun bai fara karatu ba. Amma tatsuniyoyin kakanninmu, irin waɗanda Frank Edgar ya tara cikin littattafai uku daga 1911 zuwa 1913, ba haka aka gina su ba.

Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Sun ara masa gashi ya tashi zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa, ya hana su ci, suka ƙwace gashinsu. Nan yaro zai ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ya ajiye alƙalami. To, amma labari bai ƙare ba. Gizo ya faɗa ruwa, ya ce wa kada shi ɗan'uwansu ne, suka sauke shi, ya cinye musu ƙwai, ya tsere lafiya. Ina wahalar? Masu amincewa da daɗin baki su suka yi hasara, har sau biyu. Ashe jigon na amana ne, da wanda ya cancanci a ba shi ita.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga yaron da ubansa ke dillancin shanu a kasuwar Maigatari ran Alhamis, inda fatake daga Nijar ke danƙa dukiyarsu bisa magana kaɗai.

Don haka shawararmu ga 'yan'uwa malamai, kada a karɓi jigo sai yaro ya bi labari har ƙurunƙus, ya nuna wa ya samu, wa ya rasa, da dalili. In ba haka ba, za mu yaye masu haddace karin magana waɗanda kowane Gizo zai iya cinye musu ƙwai. Allah ya sa mu gane, amin.