Hidima a Majami'un Bena: Makarantar Bangaskiya ce ko Golmo?

A majami'un Bena da sauran ƙasar Zuru, ba a jira mutum ya gama ƙwarewa a bangaskiya kafin a ɗora masa aiki. Saurayin da bai daɗe da fita ajin baftisma ba, za a ba shi yara ya koyar a makarantar Lahadi, ko ya raka mai bishara wa'azi a wata tunga. Amarya kuwa tun ba ta gama sabawa da gidan miji ba Zumuntar Mata za ta ja ta zuwa gaisar da marasa lafiya da zaman makoki. Larura ce ta kafa wannan tsari. 'Yan mishan na United Missionary Society, waɗanda ikilisiyar UMCA ta tsiro daga aikinsu, sun iso Zuru a shekarun 1920 su ƙalilan, suka tarar da Dakarkari da Fakkawa da Dukawa, kowa da harshensa. Da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, wanda ya iya karatu a ƙauye shi ne malami, kuma makarantun Baibul irin ta Tungan Magajiya ba su taɓa wadata kowace tunga da fasto ba.

A ganina abin da larura ta haifar ya yi daidai da koyarwar Sabon Alkawari. A Afisawa sura 4, Manzo Bulus ya nuna cewa aikin fasto da malami shi ne shirya masu bi domin su yi hidimar da kansu, kuma ikilisiya tana girma ne idan kowace gaɓa tana aikinta. Wanda zai bayyana aya ga yara dole ya karanta ta har ya gane, wanda aka aika sulhunta maƙwabta kan iyakar gona kuwa zai koyi haƙurin da wa'azi kaɗai ba ya koyarwa.

Akwai suka mai nauyi, kuma daga al'adar ƙasar take fitowa. Badakkare ya san golmo: saurayi da abokansa su yi shekaru, har bakwai, suna noma wa surukai kafin a ba shi mata. Mutanen da suka tashi da sanin cewa gumi ke sayen haƙƙi, ba wuya su ɗauki sharar majami'a da noman gonar ikilisiya a matsayin biyan Allah kuɗin ceto. Haɗarin gaskiya ne, amma ba rage hidima ne maganinsa ba. Afisawa sura 2 ta ce ceto ta wurin alheri ne, ba ladan aiki ba, nan take kuma ta ƙara da cewa an halicci mai bi domin ayyuka nagari. Mai golmo yana lissafin shekarunsa domin akwai ranar da zai karɓa ya huta, mai bi kuwa ya riga ya karɓa kafin ya ɗauki fartanya. Faston da ya yaba wa masu aiki ya manta da faɗin wannan, shi ya yi sakaci.

Suka ta biyu ita ce nauyin hidimar ya fi faɗawa mata da ƙananan manoma, masu kawo damin dawa ranar godiyar kaka da masu girki a kowane taro. Wannan ba ta da musu. Sai dai shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, inda Bena take, sun nuna darajar mutanen nan: inda jama'ar ƙauye suka watse zuwa Zuru da manyan garuruwa, dattijo da uwar zumunta da aka horar cikin aiki su ke tara su sujada, su nema wa gwauraye masauki. Tunda su ke riƙe da ikilisiya a ranar wuya, ya kamata su zauna a inda ake yanke shawarar yadda za a kashe baiko, a kuma riƙa karanta musu lissafinsa a fili.