Idon Baƙo a Yammacin Zamfara: Sharhi Kan Hotunan Gubar Dalma

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma ba su faɗa mana ganin wa ba. A wannan fitowa za mu ajiye littafi mu ɗauki hoto, domin shi ma rubutu ne, yana da mai shi, yana da abin da ya zaɓa ya faɗa da abin da ya bari a waje. Abin nazarinmu shi ne yadda kyamarar matafiya ta nuna wa duniya Anka da Bukkuyum da Gummi tun daga 2010, musamman hotunan da Marcus Bleasdale, ɗan Ingila, ya ɗauka wa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch a 2011.

Bari mu tuna wa mai karatu asalin maganar. A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka lura ƙananan yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru. Yaro zai kama farfaɗiya, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, bai ji ba. Da aka auna jini sai aka tarar dalma ce. Zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adinai cikin gari, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ana daka su a turmi a tsakar gida. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe, hannu ya kai ta baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

To, a nan ne matsalar mai ɗaukar hoto ta fara: dalma ba ta fitowa a hoto. Ƙasa mai guba da ƙasa mai lafiya launinsu ɗaya a idon kyamara, komai tsadarta. Abin da ya ga dalmar da gaske shi ne wata ƙaramar na'urar hannu da ma'aikatan TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith suka riƙa ɗorawa a ƙasa tana faɗin adadi. A wasu wurare adadin ya haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali mizanin Amurka na wurin wasan yara a lokacin kashi 400 ne. Tun da ba a iya ɗaukar gubar, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki wanda ta kayar. Wannan ne ya sa yawancin hotunan da suka fita daga yankin suka zama na yaro kwance, uwa zaune, sai jerin ƙananan kaburbura.

A ganinmu ƙarfin aikin Bleasdale yana wurin da ya juya baya ga gadon asibiti ya fuskanci filin niƙa na Bagega. A can muna ganin maza tsaye kan injina, ƙura ta lulluɓe su, ga buhunan dutse, ga yara a tsakiyar aikin. Irin wannan hoto yana amsa tambayar da hoton majiyyaci ba ya iya amsawa, wato ta ina cutar ta shigo. Yana kuma nuna cewa mutanen nan nema suke yi, talauci ne ya haɗa su da dutsen, kuma duk maganin da bai duba abincinsu ba ba zai zauna ba. Hoton yaro marar lafiya yana sa mai kallo ya girgiza kai ya wuce shafi. Hoton injin niƙa yana nuna masa wurin da za a sa hannu a gyara.

Ba za mu rage wa waɗannan hotuna ladansu ba. An tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, tana jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya. Likitoci kuma ba su iya fara ba da magani sai an kankare ƙasar sama an binne ta an zuba sabuwa, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma cikin ƙurar nan aikin banza aka yi. Human Rights Watch ta fitar da hotunan da wani ɗan gajeren fim a farkon 2012. Matasa irin su Hamzat Lawal suka ɗauki maganar a kafofin sada zumunta da taken a ceci Bagega. A watan Janairu na 2013 aka saki kuɗin, a shekarar kuma aka tsabtace garin aka fara jinyar yara. Hoto na cikin abubuwan da suka hana maganar mutuwa.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙorafinmu na farko shi ne abin da idon baƙo ke karantawa ba daidai ba. Bahaushiya ba ta kwarmata baƙin cikinta a gaban baƙon namiji. Akwai kunya, musamman kan ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta kira; akwai kuma haƙuri da tawakkali da ake yabon mai rashi da su. Idan aka ɗauki irin wannan fuska aka kai Landan ko Paris ba tare da bayani ba, mai kallo zai ga rashin damuwa ko jahilci a wurin da mu muke ganin juriya. Saboda haka rubutun da ke ƙarƙashin hoto rabin hoton ne, kuma wanda bai ji Hausa ba, bai zauna a zaure an yi masa bayani ba, da wuya ya rubuta shi daidai.

Ƙorafi na biyu shi ne na lokaci. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A kwatanta da W. Eugene Smith, Ba'amurken da ya tare da matarsa Aileen a garin Minamata na Japan a 1971, inda zaibar da kamfanin Chisso ya zuba a teku ta nakasa jama'a. Sun yi kusan shekara uku a garin, har 'yan barandan kamfanin suka yi wa Smith dukan da ya taɓa masa gani a 1972. Shahararren hotonsa na uwa tana yi wa 'yarta Tomoko wanka da yardar uwar aka ɗauke shi. Yarinyar ta rasu a 1977, kuma bayan shekara ashirin iyayen suka nemi a bar ta ta huta, Aileen ta amince aka daina ba da izinin buga hoton. Yaran Bagega da aka ɗauka a 2011 yanzu samari ne da 'yan mata. Fuskokinsu na nan a intanet a matsayin alamar taɓuwar ƙwaƙwalwa, kuma a ƙasar da ake binciken asali kafin aure wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Ƙorafi na uku shi ne abin da ba a ɗauka ba sam. Wanda ya nemi hoton Anka ko Bukkuyum zai sami dalma, sai 'yan gudun hijira bayan kisan da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukansu a watan Janairu na 2022. Wanda ya nemi Gummi zai sami ambaliyar daminar 2024 da kwalekwalen manoma da ya kife a watan Satumba na shekarar. Duk gaskiya ne. Sai dai Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, magajin sarautar da ta daɗe kafin jihadi, kuma sunan wannan daula aka ba jihar da aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba 1996. Gummi garin fadama ne da shinkafa da masunta, garin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fito. Ina hoton hawan salla, ina na ranar kasuwa, ina na makarantar allo da dare? Seydou Keïta da Malick Sidibé sun bar wa Bamako fuskarta ta kwalliya da walwala. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara tattara hotunan kitson matan Nijeriya a 1968 har ya tara kusan dubu. Babu ɗayansu da ya jira bala'i kafin ya ɗaga kyamara.

Ga matasanmu masu yawo da kyamara ko wayar hannu, darasin a fili yake. Dogon gilashin da ke janyo nesa kusa yana ba mutum damar satar fuska daga bayan danga. Gajeren gilashi yana tilasta masa ya matso, ya yi sallama, ya nemi izini, kuma hotonsa ya fi rai. A fara da maigari da maigida, kada a shiga gidan kulle sai an yi iso. In yaro za a ɗauka a tsuguna daidai tsawonsa, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙasƙantar da mutum. A nemi hasken hantsi ko na la'asar, tun da ranar tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido ta ɓata baƙar fata. A lokacin hunturu kada a canza gilashi a fili, ƙura na shiga cikin kyamara; a wurin niƙan dutse kuwa a wanke hannu, a kakkaɓe jaka da takalmi kafin a koma gida. Mafi muhimmanci a wannan yanki, waya tana iya liƙa wa hoto adireshin inda aka ɗauke shi. A kashe wannan, a kuma yi tunani sau biyu kafin a watsa fuskar wanda ya ba da labarin hari, don shi zai kwana a garin bayan mai hoto ya kama hanyar Gusau.

Hukuncinmu shi ne hotunan Bleasdale sun yi aikin da aka aike su, kuma na filin niƙa za su daɗe ana koyo da su. Amma shafi ɗaya ne daga littafin da sauran shafukansa ke jiran 'yan gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda ya yi masa ado. Muna kira ga rassan ƙungiyarmu na Zamfara da Sakkwato da su nemi tsofaffin masu ɗaukar hoto na waɗannan garuruwa, su tattara abin da ya rage a akwatunansu na biki da suna da naɗin sarauta, a rubuta suna da shekara a bayan kowane, tun kafin gara da damina su riga mu.