Waya a Kai Take Mutuwa: Nazari kan Haɗa Wayar Sauti da Hannu

Mutum biyu ne ke yi wa mai haɗa wayar sauti da hannunsa dariya, kuma su kansu ba sa ga-maciji da juna. Na farko injiniya ne. Shi a wurinsa waya waya ce, wadda ta zo cikin kwalin na'ura ta wadatar, wanda ya ɓata yammacin Asabar yana narka dalma kuwa aikin yi ne ya rasa. Na biyu dillalin kayan sauti masu tsada ne, mai cewa abin da aka harhaɗa a kan teburin ɗaki ba zai kama ƙafar wayar da kamfani ya tace tagullarta ya lulluɓe da azurfa ba. Dillali ba zai ci mana lokaci ba. Injiniya ne ya cancanci amsa, domin lissafinsa daidai ne, sai dai ya auna tsakiyar waya ya bar kawunanta.

Tarihin gajere ne. Kan wayar nan mai tsinke ɗaya da ake kira RCA, kamfanin Radio Corporation of America ne ya fito da shi a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1930, don a jona garmaho da rediyo cikin araha. Mai tsinke uku, XLR, ya fito daga kamfanin Cannon na Los Angeles a shekarun 1950, ya zama na gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar sauti. Har zuwa shekarun 1970 wayar fitilar tebur ake sa wa lasifika, ba wanda ya ga aibu. A 1979 Noel Lee ya kafa Monster Cable a yankin San Francisco, ya nuna cewa mutane za su biya kuɗi daban saboda waya mai kauri, daga nan farashi ya tsinke. A 2007 James Randi, mai fallasa 'yan damfara, ya sa kyautarsa ta dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya iya bambance wayar lasifika ta kamfanin Pear mai dala 7,250 da wata mai sauƙin kuɗi ta hanyar saurare kawai. Aka yi ta cacar baki, gwajin bai auku ba. A inuwar wannan kasuwa ce masu haɗawa da hannu suka yawaita: su sayi waya awon mita daga Belden ta Amurka ko Canare da Mogami na Japan, irin wadda ake ɗaukar waƙar da ita tun farko, su sayi kawuna na Neutrik ko Switchcraft, su zauna su liƙa.

Bari a ba injiniya haƙƙinsa. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana da turjiyar da ba ta wuce om 0.007 a kowace mita ba. Lasifikar da ke nesa da amfilifaya da mita 3 tana cin mita 6, tafiya da dawowa, wato kusan om 0.04. Roger Russell, wanda ya daɗe yana ƙera lasifika a kamfanin McIntosh, ya yaɗa ƙa'idar cewa kada turjiyar waya ta haura kashi 5 cikin ɗari na ta lasifika. Ga lasifika mai om 8, iyakar ita ce om 0.4, kenan wayarmu ta ci kashi ɗaya cikin goma kacal na abin da aka yarje mata. Azurfa ta fi tagulla gudanar da wuta da kimanin kashi 6 cikin ɗari, ribar da ƙara wa tagullar ɗan kauri zai ba ka da kuɗin goro. Wanda ya ce yana jin wannan bambanci da kunnensa, Allah ya ƙara masa ji, amma kada ya kai mu shagon.

To ina injiniya ya yi saurin tashi? Da farko, lissafin nan na tagulla ne, kuma ba duk jar waya ce tagulla ba. Kasuwa cike take da alminiyam da aka shafa wa tagulla a baya, wanda turjiyarsa ta fi ta tagulla da fiye da rabi. Siririyar waya mai murabba'in milimita 0.75 da aka ja mita 10 ta riga ta kai om 0.46 ko da tagullar gaske ce. In ta jabu ce, ta doshi 0.7. Mai haɗawa da hannu yana kankare zaren da wuƙa tun a gaban mai shago, in ya ga fari a ciki ya ajiye. Wanda ya sayi haɗaɗɗiya a leda ba shi da wannan dama. Na biyu, akwai wuri guda a gidan mai sauraro da waya ke sauya sauti a fili, a kuma auna a gani: tsakanin na'urar juya faifai da amfilifaya. Kan allura irin mai maganaɗisu mai motsi yana fitar da kusan milibolt 5, alhali na'urar CD tana fitar da bolt 2, ninki 400. Kamfani irin Audio-Technica yana son jimlar cajin da waya da mashigar amfilifaya ke riƙewa ta tsaya tsakanin fikofarad 100 da 200, kuma wayar kanti tana iya cinye 100 a mita ɗaya. Ka ja ta mita biyu, sai siraran sautuka su yi tsini su soki kunne, na can ƙololuwa su dusashe. Maganin shi ne waya mai ƙarancin riƙe caji, a yanka ta daidai tazarar da ake bukata, kuma kanti ba ya sayar da santimita 70.

Amma duk wannan sharar fage ne. Abin da na fi so a duba shi ne santimita biyun ƙarshe na waya, inda take shiga kai, domin a nan ƙwarewa take, a nan kuma waya ke mutuwa. Tagullar da ke tsakiya za ta iya shekara hamsin a bayan kabad ba abin da ya same ta. Wuyan ne ake lanƙwasawa, ake fizga, ake takawa.

Dubi yadda gwani ke liƙa kan RCA. Kafin komai zai zura murfin kan a jikin wayar, domin wanda ya manta sai ya warware aikinsa duka. Zai zagaya rigar waje da wuƙa a hankali, kamar santimita ɗaya da rabi, ba tare da ya yanki ragar tagullar da ke ƙarƙashi ba. Zai tsefe ragar da tsinke, ya tattara ta gefe guda, ya murɗe. Zaren tsakiya kuwa milimita uku ko huɗu kawai zai fere. Sai ya shafa wa zaren dalma, ya shafa wa ɗan kwamin da zai zauna a ciki, kowanne daban, tun ba su haɗu ba. Ƙarfen liƙin yana wajen digiri 350. Bakinsa zai taɓa kwamin da zaren a tare, dalma kuma a kan mahaɗar ake ɗora ta, domin in aka narka ta a bakin ƙarfen aka ɗauko, ƙaron da ke cikinta, wanda aikinsa wanke dattin tagulla ne, ya riga ya ƙone ya bi hayaƙi. Daƙiƙa biyu ko uku, a janye. Wanda ya daɗe zai narkar da farar robar da ke raba zaren tsakiya da raga, su taɓa juna a ɓoye, waya ta yi shiru ba a san dalili ba. Wanda ya yi gaggawa kuma zai bar dunƙulen dalma zaune a kan ƙarfe mai sanyi, ya yi aiki yau, bayan wata uku ya fara ƙaras-ƙaras.

Irin dalmar ma da magana. Mai kuza kashi 63 da darma kashi 37 tana narkewa tana kuma daskarewa a digiri 183 cif. Mai 60 da 40 tana da ɗan tsakani, daga 183 zuwa kusan 190, inda take zama kamar kunu, ba ruwa ba ba tauri ba, kuma in hannu ya motsa a wannan ɗan lokaci mahaɗar za ta tsage ta ciki. Shi ya sa nake fifita ta farko ga mai koyo. Wadda ba darma a cikinta, da dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masana'antu tun 2006, sai ta kai digiri 217 take narkewa, kuma ko ta kama da kyau ba ta sheƙi, don haka ido ba ya saurin gane mai kyau da marar kyau. Masu sayar da dalma mai ɗigon azurfa da sunan tana daɗa wa sauti zaƙi kuwa, a tuna musu cewa dalma kowace iri ce ba ta kai tagulla gudanar da wuta ko kusa ba. Shi ya sa gwani ke tabbatar da zare ya kwanta a jikin ƙarfe tun kafin dalma ta zo. Ita riƙewa ce aikinta da hana iska shiga. A wanke hannu bayan an taɓa darma, a kuma buɗe taga saboda hayaƙin.

Saura mataki ɗaya, wanda aka fi rainawa. A gindin kan akwai 'yan haƙora ko matsewa da ke damƙe waya. Rigar waje ya kamata su kama, kuma a bar wa zaren tsakiya ɗan sassauci, yadda in an fizgi waya, riga ce za ta ɗauki nauyin, mahaɗar ba ta ma sani ba. Ana iya ƙara robar nan mai tsukewa in ta ji zafi don wuyan ya daina karyewa wuri guda. Daga nan sai a gwada da mitar awon wuta: tsinke zuwa tsinke ta yi ƙara, tsinke zuwa murfi ta yi shiru.

Raga ita ce inda ake gane wanda ya fahimci abin da yake yi. A wayar RCA aiki biyu take yi, tana kare zaren tsakiya daga hayaniyar lantarki, tana kuma zama hanyar dawowar sautin. Duk ɓatacciyar wutar da ke yawo tsakanin jikin na'urori biyu ta cikinta za ta bi, kuma abin da ta bari a hanya sai ya haɗu da waƙa. Wannan ne gurnanin nan na bugu 50 a daƙiƙa da kowa ya sani a ƙasashenmu da Turai, 60 a Amurka. Don haka ni a RCA na fi son waya mai zare ɗaya da raga mai kauri, gajera gwargwadon hali. Wasu suna amfani da mai zare biyu, su liƙa ragar a kai ɗaya kawai, su zana kibiya don a san wane kai ne. Nan ne kibiyar take da ma'ana. Dillalai suka ɗauke ta suka ce wai tagulla tana da gaba da baya, alhali wutar sauti kai-komo take yi, har sau 20,000 a daƙiƙa.

XLR ya raba ayyukan nan biyu: tsinke na 1 na raga ne, na 2 da na 3 na sauti, na'urar da ke karɓa tana karanta bambancin da ke tsakaninsu, hayaniyar da ta faɗa musu daidai wa daida ta soke kanta. Canare tana da samfurin L-4E6S mai zare huɗu, biyu shuɗi biyu fari, ana haɗa masu fuskantar juna su zama ɗaya, kuma ya fi kore hayaniya a kusa da manyan wayoyin wuta. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarin riƙe caji. Ga makirufo mai ratsa fili, ya dace. Ga mita ɗaya a falo, ado ne. Kuma ba kowane gurnani ne laifin waya ba. A 1995 Neil Muncy ya nuna wa ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES cewa na'urori da yawa suna kai tsinke na 1 cikin da'irar sauti maimakon jikin akwati, su shigar da hayaniyar da raga ta tara da hannunsu. Irin wannan na'ura, ko wayar zinariya ka sa mata za ta yi gurnani.

Ba duk abin da masu haɗawa da hannu ke yi nake karewa ba. Akwai masu warware wayar intanet ta Cat5 su kitsa zarurruka da dama su yi ta lasifika. Kitson yana da kyan gani, amma yana tara caji mai yawa, kuma wasu amfilifayoyi ba sa jure hakan, sai su ɗau zafi har su ƙone. Kamfanin Naim na Ingila ya daɗe yana gargaɗin masu tsofaffin amfilifayoyinsa da su guji irin wannan waya, har ya ƙayyade kada tasa ta gaza mita 3.5. Wanda ya kwana uku yana kitso don ya sami abin da tagulla biyu masu kauri za su ba shi, ya bi dillali ne ta ƙofar baya. Wayar da ke shiga soket ɗin bango kuma ba ta cikin wannan wasa sam, a bar wa mai lantarki.

Wanda ya taɓa zama a masallaci ko wurin wa'azi ko filin biki ya ji makirufo na tsinkewa yana dawowa, yaro na riƙe da wuyan wayar don murya ta fito, ya san cewa maganar ba ta masu falo a Tokyo da Landan kaɗai ba ce. Wayar kanti mai kai narkakke da roba ba ta buɗuwa. In wuyanta ya karye, sai bola. Mai murfin da ake warwarewa kuwa, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai yanke santimita biyar, ya sake liƙawa kafin ka gama shan ruwa, ta koma aiki shekaru. Wannan ne abin da injiniya bai sa a lissafinsa ba, kuma shi ne hujjar da nake kare sana'ar da ita. Mai son farawa ya nemi mita biyu na waya mai raga ta gaske, kawuna huɗu masu buɗuwa, da dalma mai 63 da 37, ya yi gwaji a kan guntaye tukuna, kuma kada ya jona komai da amfilifaya sai mitar awon wuta ta shaida.