Tukwicin Bawa: Kyauta da Godiya a Cikin Shaihu Umar

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. Abin nufi, wanda aka yi wa alheri ba ya rasa abin mayarwa, ko da fatar baki ce. To amma da wane ma'auni za a auna yabon mutumin da ba shi da ikon ƙin karɓa? Wannan ita ce tambayar da wannan ɗan nazari zai yi wa littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran da gasar Hukumar Fassara ta 1933 ta haifar, wanda aka buga a 1934.

Galibin manazarta sun fi karkata ga jigon bauta da na haƙuri da ƙaddara, kuma ba su yi kuskure ba. Abin da aka faye tsallakewa shi ne zumuncin da ke tsakanin tauraron labarin da Abdulkarim, Balaraben fatake wanda Umar ya faɗa hannunsa a Kano yana yaro ƙarami. A bisa al'ada, babu abin da ya haɗa waɗannan biyu sai ciniki. Amma Abdulkarim ya tafi da yaron Ber Kufa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud, har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilimi a gabansa.

A nawa ganin, ba karatun ne babbar kyautar ba. Sanya yaro mai hazaƙa a makaranta alheri ne da ke komawa ga mai gida, domin sunansa ake kira idan yaron ya shahara. Kyautar da ta fito daga zuci ita ce ta ƙarshe: lokacin da begen mahaifiya ya hana Umar sukuni, Abdulkarim bai tsare shi ba, bai kuma yi masa gorin abin da ya kashe a kansa ba. Ya yarda ya rabu da abin da ya raina, ya kuma ɗaura kaya suka fita tare, tafiyar da guguwar rairayin Sahara ta zama ajalinsa a cikinta. Marubucin bai tsaya yi mana wa'azi a kan wannan ba. Ya bar aikin ya yi magana, kuma wannan kamun kai yana daga cikin abubuwan da suka sa littafin, duk da ƙanƙantarsa, bai tsufa ba.

Ina tukwicin Umar? Zubin littafin ne ya ba da amsa. Umar da kansa ne ke ba almajiransa labarin a Rauta, bayan ya manyanta, mai alherin kuma ya daɗe a ƙarƙashin rairayi. Babu sauran tsoro, babu kwaɗayin ƙari. Yabon da aka yi a irin wannan hali shi ne wanda za a iya gaskatawa, kuma labarin gaba ɗayansa shi ne tukwicin.

Sai dai akwai ƙaya a cikin wannan tuwo. Wani ɗalibi a nan Sangere ya taɓa tare ni da cewa, "Malam, ai wanda ya raba ka da uwarka bai cancanci godiya ba, ko da ya mai da kai limami." Ban ga laifinsa ba. Tafawa Ɓalewa ma bai ɓoye wannan ba, domin ya jera labarin mahaifiyar kafaɗa da kafaɗa da na ɗanta. Hanyar da ta kai Umar ga malanta ita ce ta kai uwarsa ga yaudarar Ado, da wulaƙancin Murzuk, da ƙangin bauta, har ta rasu jim kaɗan bayan ta sake ganinsa. Inda nake ganin marubucin ya gaza shi ne, bai bar Umar ya ji nauyin wannan saɓani a ransa ba. Godiyarsa ta yi santsi da yawa. Mai karatu ne aka bar wa aikin haɗa lissafin.

Tarihi ya ba mu irin wannan zumunci a zahiri, kuma abin mamaki da suna iri ɗaya. Abdulkarim shi ne sunan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya yi yawo da shi a ƙasashenmu, har ya iso Yola a watan Yuni na 1851, inda Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Abokin tafiyarsa, Adolf Overweg, ya 'yanta yara biyu a Borno: Dorugu, Bahaushen Damagaram, da Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Barth ya ɗauke su, suka je Tambutu tare, suka isa Ingila a 1855. A can J. F. Schön ya rubuta labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa, ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Ba na cewa Tafawa Ɓalewa daga nan ya ɗebo. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Amfanin kwatancen shi ne bambancin murya. Umar dattijo ne mai waiwaye, ya riga ya yanke wa rayuwarsa hukunci. Dorugu kuwa yaro ne da ke magana a ƙasar masu alherin, a gaban mai alƙalami daga cikinsu, ga shi ya fi mai da hankali ga bayyana abin da idonsa ya gani, tun daga harin da ya raba shi da gida har zuwa yadda Turawa ke zaman cin abinci. Ya dawo gida a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. An ruwaito cewa cikin kayan da ya bari akwai tarin tabarau, da gwangwanayen biskit da Turawa suka ba shi kyauta, waɗanda bai taɓa buɗewa ba.